Me ya sa ba ka manta ranar da aka kai ku bakin teku ba?

Jama'a barkanmu da warhaka. Yau da tambaya zan fara. In an taɓa kai ka hutu bakin teku kana yaro, kai da iyayenka da ƙannenka, me ka fi tunawa? Kwanan watan da aka tafi kam na san ya ɓace maka, wani ma shekarar sai ya tambayi mama. Amma yashin nan da ya maƙale maka tsakanin yatsu, da yadda ruwa ya ja baya ka ji kamar ƙasa ce ke gudu da kai, da gishirin da ya shiga ido ka fasa ihu, waɗannan suna nan daram kamar jiya aka yi.

To mu fara da hanci, don shi ne babban mai laifi. Duk abin da ido ya gani ko kunne ya ji sai ya fara biyawa ta wani wuri a tsakiyar ƙwaƙwalwa da ake kira talamas, kamar tasha haka, a tantance shi sannan a tura gaba. Shi kuwa hanci ɗan gata ne, ba ya bin layi, saƙonsa kai tsaye yake faɗawa unguwar su amigdala, mai kula da tsoro da murna, da maƙwabcinta hifokamfas, wanda shi ke ɗaure abubuwan da suka faru da kai wuri ɗaya. A 2006 wasu masu bincike biyu a Suwidin, Willander da Larsson, suka tara dattijai, wasu aka ba su kalma, wasu hoto, wasu kuma aka ba su abu su shinshina, aka ce kowa ya faɗi abin da ya tuno. Masu shinshinawa yawancin abin da ya faɗo musu daga kafin shekara 10 ne, su kuwa masu kalma da hoto sun fi tuno lokacin samartaka. Kun ga kenan hanci ya fi zurfin tono.

Kuma ƙarnin nan na teku da kake ji tun mota ba ta tsaya ba, ba gishiri ba ne fa, gishiri ba shi da wari. Babban kasonsa wani sinadari ne da ake ce wa DMS, ƙananan tsirran ruwa da ido ba ya gani ne ke haɗa tushensa, bakteriya su farfasa shi ya tashi cikin iska. Akwai ma tsuntsayen teku da wannan warin suke bi su gano inda abincinsu yake. Kai kana ce masa ƙamshin yarinta, su a wajensu ƙararrawar kalaci ce.

Sai maganar tsawo. Kwana 3 kuka yi amma a ranka kamar wata guda. Dalili shi ne ƙwaƙwalwa ba ta ɓata wuri wajen ajiye abin da ta saba da shi, kwana ɗari na zuwa makaranta sai ta dunƙule su su zama kamar ɗaya, amma ranar da komai sabo ne, ƙarar ruwa sabuwa, kaguwa na tafiya a kaikaice, ga ruwa har inda ido ya tsaya ba ka ga ɗaya gefen ba, to kowanne sai ta buɗe masa shafi, in ka waiwaya ka ga shafuka da yawa sai ka ɗauka lokacin ne ya yi tsawo.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, kuma ku yi haƙuri don wasu ba za su ji daɗi ba. Rabin abin da kake rantsuwa ka tuna, mai yiwuwa ba kai ka gani ba, ba ka labari aka yi. Yawancin manya abin da suke iya tunowa na farko bai wuce wajen shekara 3 zuwa 4 ba, kafin nan duhu ne. Saboda haka in kana cewa ka tuna sanda baba ya ɗaga ka sama igiyar ruwa ta wuce kana ɗan shekara 2, to ɗan'uwa duba da kyau, ko dai akwai hoton a gida.

Ba zargi nake ba, an gwada. A 1995 wata mai bincike a Amurka, Elizabeth Loftus, ta haɗa baki da dangin mutum 24, aka ba kowane ɗaya daga cikin mutum 24 ɗin labarai huɗu na yarintarsa, uku gaskiya, ɗaya ƙirƙira, wai ya taɓa ɓata a babban kanti yana ɗan shekara 5. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu suka ce e sun tuna, wasu har da ƙarin bayani daga aljihunsu. A 2002 kuma a Niyu Zilan aka ɗauki hotunan yarinta na mutum 20 aka yi musu haɗi da kwamfuta, ga mutum nan tsaye cikin kwandon balan-balan ɗin nan mai tashi sama, abin da bai taɓa hawa ba a rayuwarsa. Bayan an zauna da su sau uku, rabinsu suka fara ba da labarin tafiyar. Tafiyar da ba a yi ba fa!

To ina ga tafiyar da aka yi da gaske, ga hotuna, ga mama da ta maimaita labarin ya fi sau hamsin, kullum da ɗan ƙarin gishiri. Duk sanda ka tuno abu ba faifai kake kunnawa ba, sake gina shi kake yi, kuma duk abin da ke kusa sai ya shiga ginin, muryar yaya, kalar rigar da ke hoto, har da abin da ka gani a talabijin daga baya.

Ɗauki gidan yashin nan da kuka gina. A labarin gida wai wata ƙatuwar igiya ce ta zo ba zato ta kwashe. Alhali ruwan teku a yawancin gaɓoɓi sau biyu yake cikowa a rana saboda jan wata, tsakanin cikowa da cikowa kusan awa 12 da minti 25, wato ya ɗau awanni yana matsowa a hankali, kaɗan kaɗan, baba ma ya gani shiru kawai ya yi. Kai igiyar ƙarshe kaɗai ka riƙe don ita ta sa ka kuka. Haka bawon katantanwar da ka kara a kunne aka ce maka teku ce a ciki, ƙarar da ke kewaye da kai ce ke amsa kuwwa a kogonsa, ko kofi ka kifa a kunne za ka ji. Wannan ni kaina har yau ban huce ba.

In kana son gwadawa, kira yayarka ko ƙanenka daren nan, kar ka ba shi satar amsa, ka tambaye shi abu biyu kawai, bokitin da kuka ɗebi yashi wace kala ce, kuma wa ya fara shiga ruwa. Sannan ka kira mama ka tambaye ta. Ita wataƙila ma ba za ta tuna da wani bokiti ba, abin da za ta ce maka shi ne tun da aka isa har aka tashi ba ta zauna ba, ƙirga kawunanku take yi.