Jiri da Gumi Bayan Shan Ƙwayar Ciwon Suga: Hawa Ne ko Sauka?

Assalamu alaikum, masu kallo. A cikin saƙonnin da kuka aiko mana bayan shirinmu na baya, tambaya ɗaya ce ta yi ta dawowa, daga masu ciwon suga da kuma 'ya'yan da ke jinyar iyayensu. Idan mutum ya sha ƙwayarsa da safe, can wajen hantsi ya ji jiri, jikinsa na rawa, gumi na keto masa, suga ne ya hau, ya ƙara wata ƙwayar? Wasu ma sun ce abin da suka saba yi ke nan. Wannan ne ya sa muka jingine abin da muka shirya muka ɗauko wannan magana, domin kuskure ne da yake iya kai mutum ga suma, wani lokaci ma ga rasa rai.

Ga ƙwayoyi biyu a tafin hannu. A gida da kemis duk sunansu ɗaya, maganin suga, amma aikinsu ya sha bamban.

Babbar ita ce metformin, wadda wani likita a Faransa, Jean Sterne, ya fara bai wa masu ciwon suga a 1957, kuma har yau da ita ake fara yi wa mafi yawan manya magani. Tana rage sugan da hanta ke zubawa cikin jini, kuma idan ita kaɗai ake sha, da wuya ta saukar da suga fiye da kima. Ana shan ta tare da abinci ne saboda kada ta ɓata ciki.

Ƙaramar ita ce glibenclamide, wadda da yawa suka fi sani da sunan Daonil, mai miligiram 5. A kanta za mu tsaya. Tana tilasta wa pankiriyas, wato sashen da ke bayan tumbi, ya fitar da sinadarin insulin, shi kuma insulin ya kwashe suga daga jini ya kai shi cikin tsoka da sauran sassan jiki. Abin lura shi ne, ƙwayar za ta yi wannan aiki ko an ci abinci ko ba a ci ba, kuma ƙarfinta yana iya kaiwa awa 24 a jiki.

Mu ɗauki misalin wani dattijo mai shan wannan ƙwaya. Ya dawo daga sallar asuba, ya haɗiye ƙwayarsa da ruwa, da niyyar idan ya isa kasuwa ya sha koko da ƙosai. Yana buɗe rumfa masu saye suka taru, karin kumallo ya wuce. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ya miƙa hannu zai ba da canji, sai kuɗin suka zube, yatsunsa na kakkarwa, wuyan rigarsa ya jiƙe da gumi mai sanyi alhali yana zaune a inuwa. Yaronsa ya yi masa magana, ya amsa da faɗa, abin da ba halinsa ba ne. Insulin ya kwashe sugan da ke jininsa, babu abincin da ya maye gurbinsa, ita kuma ƙwaƙwalwa da suga take aiki, ba ta da wani tanadi da za ta koma kai. Sugan wannan bawan Allah sauka ya yi. Idan ya laluba aljihu ya ƙara ƙwaya, ya ƙara tura kansa cikin ramin da yake ƙoƙarin fita.

Yaya za a bambanta? Hawan suga a hankali yake zuwa, cikin sa'o'i masu yawa ko kwanaki: ƙishirwa, yawan fitsari har cikin dare, bushewar baki, kasala. Saukarsa kuwa farat ɗaya take zuwa, cikin mintuna: gumi, rawar jiki, yunwa mai tsanani, bugun zuciya da sauri, ciwon kai, sannan ruɗewa da magana kamar ta mai maye. Jiri da gani dishi-dishi suna iya zuwa a duka biyun, kuma nan ne mutane suke ruɗewa. Saboda haka na'urar gwaji ce mai raba gardama.  Idan ta nuna ƙasa da 70, suga ya sauka. Wasu na'urorin da wani ma'auni suke lissafi, a cikinsu lambar ita ce 3.9, don haka kowa ya san irin tasa tun kafin ranar buƙata.

Idan babu na'ura a kusa, kuma mutumin yana shan glibenclamide ko insulin, a ɗauka sauka ce a ba shi suga. Dalilin a fili yake. Cokali uku na suga ba zai yi wa wanda sugansa ya hau wata babbar illa nan take ba, amma ƙarin ƙwaya ga wanda nasa ya sauka yana iya zama ajalinsa.

Ga yadda ake yi. A dama ƙaramin cokali uku ko huɗu na suga a ruwa, ko a ba shi babban cokali ɗaya na zuma, ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi, ba irin wanda aka rubuta babu suga a jikinsa ba. Wannan ya kai kimanin giram 15. A zaunar da shi, a jira minti 15, a sake gwadawa. Idan bai haura 70 ba, ko alamun ba su lafa ba, a maimaita. Da zarar ya dawo hayyacinsa, ya ci abinci mai riƙe ciki, tuwo ko burodi ko shinkafa, domin sugan da ya sha zai ƙare da wuri, ƙwayar kuma tana nan tana aiki.

Idan kuwa ya suma, ko ba ya iya haɗiya, kada a ɗura masa ruwa ko nono ko lemo, domin zai iya shaƙewa abin ya gangara huhu. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya da shi asibiti, a tafi da kwalin maganin. Ko ya farfaɗo a hanya, kada a juya gida, saboda saukar da wannan ƙwaya ke haddasawa tana iya dawowa bayan sa'o'i, har cikin barci.

A nan ina da magana da iyalai. Gidaje da yawa, saboda kulawa, sukan ɓoye suga gaba ɗaya da zarar an ce Baba ko Inna na da ciwon. Niyyar mai kyau ce, amma a ganina duk mai shan wannan ƙwaya ya kamata a ƙulle masa ɗan suga a leda ya riƙa yawo da shi a aljihu, tare da takarda mai sunan maganinsa, kuma a sanar da maƙwabcin rumfa ko abokin aiki abin da zai yi.

Sauran ƙa'idojin gajeru ne. A sha glibenclamide lokacin da abincin yake gaba, ba lokacin da ake sa ran zuwansa ba. Idan an manta ba a sha ba, kada a haɗa biyu a gaba. A karanta kwali, domin akwai ƙwayoyi irin su Glucovance da suka haɗa magungunan biyu wuri ɗaya, kuma a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Kada a ari ƙwayar wani don an ce ciwon ɗaya ne. Septrin da ciprofloxacin da kwinin suna iya ƙara saukar da suga, haka ma zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shi ya sa duk wanda zai rubuta maka magani ya kamata ya san abin da kake sha, har da jiƙe-jiƙen gargajiya. Mai shan metformin da amai da gudawa suka kama, ya tuntuɓi likita a ranar, domin akan dakatar da ita har ruwan jiki ya dawo. Ga waɗanda suka haura shekara 60, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da shawarar glibenclamide ba, gliclazide ta fifita, kuma mai ciwon ƙoda ma a sake duba masa magani. Wannan sauyi a ɗakin likita ake yin sa.

Sai azumi, ko na Ramadan ko na Litinin da Alhamis. Shan glibenclamide da sahur a yadda aka saba sha da karin kumallo yana iya jefa mutum cikin halin dattijon nan tun kafin azahar. A je wurin likita mako shida zuwa takwas kafin watan ya kama, wato tun cikin Rajab, domin ya sake tsara lokaci da adadi. Sau da yawa yakan mayar da babban kason zuwa buɗa-baki. Mai azumi ya riƙa gwada jininsa da rana, kuma idan na'ura ta nuna ƙasa da 70, ko ta haura 300, shawarar likitoci ita ce ya karya azumin nan take, ko da saura minti goma a kira magariba, ya rama daga baya.