Kafin ka jefar da faifan, taɓa katin ka ji

Assalamu alaikum 'yan'uwa na Nima, Mamobi da sauran zangonnin Accra. Katin nan da ke hannuna LSI 9211-8i ne, mai haɗa faifan ajiyar bayanai (hard disk) da kwamfuta, irin wanda ake cirowa daga tsofaffin manyan kwamfutoci ana sayarwa da araha a wajen Kwame Nkrumah Circle. Faifai takwas yake ɗauka, kuma yana da ƙwari. Amma wata rana kana cikin kwafe bidiyon bikin mutane, sai kwamfuta ta sandare kusan rabin minti, faifai ɗaya ya ɓace. Ka buga dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin tsarin Linux, ka ga layi bayan layi ana soke umarni saboda lokaci ya ƙare.

Da farko, kwashe abin da ba ka son rasawa zuwa wani wuri.

Ga abin da ke faruwa. Linux kan aika wa faifai umarni, ya jira daƙiƙa 30. In ya ji shiru, sai ya soke umarnin ya sake tayar da faifan. Wato an yi sallama ba a amsa ba. Wataƙila maigidan ne ba lafiya, wato faifan, wataƙila kuma ɗan aiken ne bai isa ƙofa ba, wato katin ko kebul. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda mutane ke zubar da lafiyayyen faifai, su kashe ɗaruruwan sidi, bayan mako matsalar ta dawo.

Ni zafi nake fara zargi. An ƙera katin ne don akwatin da fankoki ke hura masa iska mai ƙarfi ba tsayawa. Mu kuwa sai mu cusa shi a akwatin tebur, cikin shago mai rufin kwano, a zafin watan Maris, ga ƙurar hunturu ta toshe haƙoran ƙarfen da ke sanyaya shi. Kashe kwamfutar, ka ɗan taɓa ƙarfen a hankali. In yatsa ba ya iya zama, to ka kama ɓarawo. Alamarsa ita ce faifai biyu ko uku su yi shiru lokaci guda, musamman ana tsakiyar aiki mai nauyi. Ɗaura masa ƙaramar fanka mai milimita 40, ka kankare busasshen man da ke ƙarƙashin ƙarfen ka shafa sabo. Ka duba na'urar ba da wuta ma, domin faifai da yawa a kan reshen waya ɗaya kan kawo irin wannan.

In faifai ɗaya ne kullum, canja masa baki. Kebul ɗin SFF-8087, wanda ke haɗa katin da faifai, ya rabu huɗu, sai ka musanya bakin faifan da na maƙwabcinsa. Matsala ta bi faifan, laifinsa ne. Ta tsaya a tsohon baki, kebul ne ko bakin katin. Shirin smartctl, mai nuna lambobin lafiyar faifai, zai tabbatar maka: lamba 199 tana hauhawa, hanya ce ta lalace, 5 da 197 kuwa ciwon cikin faifan ne.

Sai manhajar cikin katin. Buga sas2flash -list don ka ga lambar wadda ke cikinsa. Fitowar farko ta jerin P20 ta yi ƙaurin suna wajen wannan cuta, 20.00.07.00 ita ce wadda aka amince da ita. Don Allah kada ka sabunta ta ba tare da batirin tsaron wuta ba. Dumsor, wato ɗaukewar wuta, ya same ka a tsakiya, katin na iya ƙin tashi.

Akwai kuma faifan gida mai naci, wanda in ya ci karo da gurbin da ya lalace zai yi ta gwadawa har ya wuce daƙiƙa 30 ɗin. In kana da kwafi a wani faifan, buga smartctl -l scterc,70,70 tare da sunan faifan, don ya haƙura bayan daƙiƙa 7. Da yawansu kan manta in an kashe wuta, saboda haka sa umarnin ya riƙa gudana duk tashin kwamfuta. In faifan bai san umarnin ba, ɗaga lokacin jiran Linux zuwa daƙiƙa 180.