Arduino ta ƙi karanta katin memori: daga ina za a fara?

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da war haka daga Damagaram. Ku dubi abin da ke kan teburin nan. Arduino Uno ce, wato ƙaramin allon lantarki da ake ɗora wa umarni daga kwamfuta, na haɗa ta da gidan katin memori don ta riƙa rubuta awon zafi duk bayan minti 10 a wani lambu na Mirya. Ina kunna ta sai ga saƙo a allon kwamfuta: "initialization failed", wato ta kasa fara aiki da katin. A nan ne mutum yakan zare katin ya nufi kasuwar Dole ya sayo wani. Ku dakata tukuna, sau da yawa katin lafiyarsa ƙalau, wuta ce ba ta zo masa yadda yake so ba.

Katin memori, wato katin SD, da volt 3.3 yake aiki, ita kuwa Uno da volt 5 take magana. Ku juya gidan katin ku duba. In akwai ƴar na'urar rage wuta da wani ƙaramin cif mai daidaita sigina, to volt 5 za ku ba shi. In gidan tsirara yake, daga ramin kati sai ƙafafu, kada ku kuskura ku haɗa shi kai tsaye, kuna iya ƙona katin.

Ga kuma inda ya fi ɓata wa mutane rai. Ƙafar 3.3 ta Uno miliamfiya 50 (ma'aunin yawan wutar da ake ja) kawai aka yi ta ta bayar, alhali kati yana iya jan kusan 100 lokacin da yake rubutu. Shi ya sa za ku ga ya buɗe, ya karanta, amma da an zo rubutu sai ya cije, ko Arduino ta sake tashi da kanta. Maganin shi ne a ba katin wuta mai ƙarfi ta daban, a kuma sa kondansato, ƴar na'urar da ke ajiye wuta ta ɗan lokaci, kusa da ƙafafun wutarsa. Kada a manta da haɗa GND ɗin duka, wato ƙafafun wuta na negatif, wuri ɗaya.

Yanzu wayoyin da ke kai bayanai tsakanin Arduino da kati, sunayensu na rubuce a jikin gidan katin. A Uno, MOSI a ƙafa ta 11, MISO a 12, SCK a 13. A Mega, wata Arduino mafi girma, lambobin sun canja: MISO 50, MOSI 51, SCK 52. Ita CS, wayar da Arduino ke zaɓar katin da ita, wasu a 4 suke sa ta, wasu a 10, abin da ya wajaba shi ne lambar da kuka rubuta cikin umarnin SD.begin, mai tayar da katin, ta zama ita ce ƙafar da wayar take. Ku gajarta wayoyin, kada su wuce taƙi ɗaya. In lokacin hunturu ne ku hura ramin katin, ƙurar garin nan ba inda ba ta shiga.

Daga nan sai ku ɗora misalin CardInfo, shirin gwada kati da ke cikin laburaren SD, wato tarin umarnin da Arduino ke magana da kati da su. In ya faɗi irin katin amma ya kasa ganin abin da ke ciki, wayoyinku sun yi, tsarin katin ne matsala. Laburaren, tsarin ajiye fayil na FAT16 da FAT32 kawai ya sani. Kati mai giga 64 da wani tsari, exFAT, yake zuwa, don haka ni na fi son mai giga 8 ko 16. Sunan fayil ma da ƙa'idarsa: haruffa 8, ɗigo, haruffa 3. ZAFI.TXT zai buɗe, dogon suna ba zai buɗe ba.

Saura wadda ta fi ciwo: komai ya tafi daidai, kwana uku na'ura tana lambu, an zaro kati, fayil babu ko layi ɗaya. Dalili kuwa, Arduino ba ta kai rubutu kan kati nan take, tana tara shi ne a wani ɗan wuri mai bayit 512. In kuran ya ɗauke ko batir ya mutu kafin a rufe fayil, abin da aka tara ya tafi. Don haka duk awon da kuka rubuta, ku bi shi da umarnin close mai rufe fayil, ko aƙalla flush mai tura abin da aka tara kan kati.

Bari mu gwada. Na gyara wutar, na mayar da CS ƙafa ta 10, na bar ta rabin awa. Ga katin a kwamfuta, ga ZAFI.TXT, ga layuka uku, kowanne da awonsa.