Tsakanin Harsashi da Cikawa: Laccar Tunawa da Roland Leighton

Assalamu alaikum warahmatullah. Na baya kuna jina? To, madalla. Wannan abin maganar tun ɗazu yake shaƙewa kamar mai mura, in ya sake ku ɗaga hannu.

Abu uku na zo da su. Na farko, wane ne yaron. Na biyu, yadda ya rasu. Na uku, yadda Turawan Ingila suka tsara kaburburan sojojinsu. In Allah ya yarda kafin la'asar mun tashi.

Sunansa Roland Leighton. An haife shi a watan Maris na 1895, ya rasu ranar 23 ga Disamba 1915 a ƙasar Faransa, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ku yi lissafi da kanku. Shekara ashirin. Wasunku a nan sun girme shi. Kai mai farar hula, kai kam ba ko tantama (dariya). Iyayensa duka marubuta ne. Ya yi makarantar kwana ta Uppingham, kuma irin yaran nan ne da ranar rabon kyaututtuka sai an gaji da kiran sunansu. Ya samu gurbi a Jami'ar Oxford, saura ya ɗaure akwati, sai yaƙi ya ɓarke a watan Agusta na 1914. Idonsa ba ya hango nesa sosai, an maido shi ba sau ɗaya ba, ya yi ta naci har ya samu shiga. Wato da ƙafarsa ya je. Ya zama laftanar a bataliya ta bakwai ta rundunar Worcestershire, zuwa watan Afrilu na 1915 yana cikin ramukan yaƙi.

Yana da budurwa, Vera Brittain, yayar abokinsa Edward. Sun yi alkawarin aure a watan Agusta da ya zo hutu. Ta ajiye nata karatun a Oxford ta koma jinyar sojoji a wani asibiti a Landan. Yawancin abin da zan faɗa muku daga wasiƙunsu ya fito, da littafin da ta wallafa a 1933.

To, daren 22 ga Disamba. Wurin sunansa Hébuterne, kada ku ce in maimaita, Faransanci ba nawa ba ne. Ku ɗauka rami ne dogo kamar lambatu, mutum ya shige har kansa, a gabansa an shimfiɗa waya mai ƙaya, can gaba Jamusawa su ma suna cikin nasu. Wayar ta lalace, an ce mutanensa su gyara. Shi hafsa ne, sai ya ce bari ya fara dubawa kafin ya fito da su. Ramin da aka saba bi ya cika da ruwa, sai ya bi ta wata kafa a jikin shinge. Jamusawa sun san kafar nan, bindigarsu na kanta. Ga farin wata tar. Na duba, a lissafinmu tsakiyar watan Safar ne na 1334, daren sha huɗu ko kusa da haka. Wanda ya taso a ƙauye ya san irin wannan daren, allura ma sai ka tsinta. Harsashi ya same shi a ciki. Saura kwana biyu ya tafi gida hutun Kirsimeti.

Nan nake so ku ba ni hankalinku, don a gaskiya abin da ya kawo ni ke nan. A takardun sojan Ingila akwai wanda aka rubuta an kashe shi a fagen fama, akwai wanda aka rubuta ya mutu sakamakon rauni. Ga magatakarda layi ne kawai daban. Ga dangi kuwa ba haka ba ne. Wanda ya faɗi nan take, an ce maka ya faɗi, shi ke nan. Amma wanda ya yi jinya, ko da ta yini ɗaya ce, ya bar wa iyalinsa awoyi da za su yi ta tonawa har su ma su bi shi. Wa ke wurin? Ya ji zafi? Ya san zai mutu? Ya ce wani abu?

Mu ma ai haka muke. Je ka zaman makoki ka saurara. Bayan "Allah ya jiƙansa, Allah ya ba da haƙuri", za ka ji wata dattijuwa ta rage murya: a hannun wa ya cika? Ya samu kalmar shahada? Ya bar wasiyya? Lokacin da yayana ya rasu bayan haɗarin mota, ya kwana ɗaya a asibiti, mahaifiyarmu ta sa an kira mata yaron motar da ya zauna da shi. Sau uku tana sa shi ya maimaita labarin daga farko. Yaron ya ce ruwa kawai ya nema. Ta ce, bayan ruwan fa? Ya ce, Hajiya, ruwa kawai. Ba ta yarda ba. Har ta koma ga Allah tana ganin akwai wata magana da yaron ya manta.

Roland kusan kwana guda ya yi. Mutum biyu suka fita cikin harbi suka jawo shi, aka yi masa allurar mofin mai kashe zafi, aka kai shi asibitin sojoji a wani gari Louvencourt, aka yi masa tiyata. Ku tuna 1915 muke magana. Babu fenisilin, sai 1928 aka gano shi, sai yaƙi na biyu aka fara amfani da shi sosai. Ƙasar wurin gonaki ce da aka yi shekaru ana zuba wa taki, harsashi ya shiga da yadin riga da laka, rauni ya ruɓe. Raunin ciki kuwa likitocin lokacin sun san kaɗan ne ke tashi. Limamin Katolika ya zo kansa, don ashe ya shiga wannan ɗariƙar a shekarar, gida ba su sani ba. Da dare, wajen ƙarfe sha ɗaya, ya cika.

Ita kuma Vera tana garin Brighton na Ingila, a otal, ta yi kwalliya tana jiran ya sauka daga jirgin ruwa ya kira ta. Aka ce ana nemanta a tarho. Ta taho da gudu. Ashe ƙanwarsa Clare ce.

Daga nan ta shiga abin da mahaifiyata ta shiga. Wasiƙu suka yi ta zuwa, daga kanar ɗinsa, daga limamin, daga sojan da ke masa hidima. Tana jera su, tana gwada maganar wannan da ta wancan, tana neman abu ɗaya: ya ambace ni? Bai ambace ta ba. Bai ambaci uwarsa ba. Abin da aka riƙe daga bakinsa na ƙarshe shi ne wai kwanciyar kwana shida a gefen tudu ta sa jikinsa ya sage. Wane tudu? Wane kwana shida? Magani ne ke magana. Ga alama ba wanda ya gaya masa mutuwa zai yi, ya ɗauka rauni ne da zai kai shi gida. Yaron da ya rubuta mata waƙoƙi, ya tsinko mata fure daga dajin da ake yaƙi ya sa a ambulan, da aka zo ƙarshe ko kalma ɗaya. Na sha tunanin wannan. Ni dai ina ganin likitocin tausayi suka yi masa, amma tausayin nan ita ta biya kuɗinsa.

Na biyu... a'a, na biyun muke ciki, ko? To ku kira wannan na biyu da rabi (dariya).

Kayansa. A watan Janairu na 1916 soja suka aiko wa iyayensa kayansa a gidan da suke zaune a ƙauyen Keymer. Vera ta shigo ta tarar an kwance ƙunshin a tsakar ɗaki. Riga da hujin harsashi gaba da baya. Singileti ta bushe ƙamas da jini. Wando an tsarge shi daga sama, da ganin yankan ka san mai yin yana sauri. Ga laka, ga wari, ba warin ƙasar noma ba. Uwar ta ce a fitar mata da su, wannan ba ɗanta ba ne. Uban da Clare suka fita bayan gida. Sanyin hunturu ya daskarar da ƙasa, sai da yarinyar ta ɗauko butocin tafasasshen ruwa aka zuba kafin ta haƙu. Suka binne riga. Gawa tana Faransa, riga tana Ingila. Ku da kuka taɓa buɗe akwatin mamaci ranar rabon gado, kuka ci karo da hularsa da zufarsa a jiki, ba sai na yi muku bayani ba.

Na uku, da sauri, na ga mai kula da lokaci yana harara ta. A 1917 aka kafa hukumar kula da kaburburan yaƙi, Fabian Ware ne jagoranta. Suka yanke cewa ba a maido da gawa gida, kuma dutsen kabari iri ɗaya ne, janar da kurtu, sai 'yan kalmomi da iyali za su zaɓa a ƙasa. Na Roland yana nan a Louvencourt, Vera ta je a 1921. Kafin lokacin Edward ma ya tafi, an kashe shi a Italiya a watan Yuni na 1918, abokansu biyu kuma a 1917. Akwai tambaya? E, 'yata, ke ta wajen taga.

(Wata ɗaliba ta ce kakarta ta sha ba su labarin ƙanen mahaifin ita kakar da ya tafi yaƙin Jamus bai dawo ba. Ta tambaya ko shi ma yana da irin wannan dutsen.)

Kin taɓo inda yake ciwo. A daren da aka harbi Roland, sojojin Najeriya suna kewaye da dutsen Mora a arewacin Kamaru, sun yi wa Jamusawa ƙawanya tun 1914, Jamusawan ba su miƙa wuya ba sai Fabrairu 1916. Garwa ta faɗi a Yuni 1915. Da yawa cikin sojojin nan Hausa suke ji, da ita ake ba su umarni. Daga baya aka kwashi wasu zuwa Gabashin Afirka. Ga 'yan dako, waɗanda cuta da yunwa suka fi harsashi kashewa.

Waccan ƙa'ida ta dutse iri ɗaya ba a cika ta a kansu ba. Ba ni na faɗa ba, hukumar ce da kanta. A Afrilu 2021 ta fitar da rahoto cewa aƙalla mutum 116,000, ƙila ma har 350,000, yawancinsu 'yan Afirka da Masar, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, ko ma ba a tuna da su ba sam. Sakataren tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya nemi afuwa a majalisa. Roland mun san ƙarfe nawa ya cika, mun san abin da ya ce. Naku kuwa, wataƙila kakarki ce kaɗai ta rage mai sunansa a baki.

Tana da rai? Alhamdulillahi. To in kin je gida ki zauna da ita, ki kunna wayarki. Sunansa na yanka, sunan ubansa, garin da aka ɗauke shi, wa ya kawo labarin rasuwar, ko an dawo da wani abu nasa. Ki kawo mini ranar Talata mu duba rajistar hukumar tare, tana intanet. Ki tambaye ta har laƙabinsa, don Turawan sau da yawa sunan gari suke manna wa mutum, Musa Kano, Garba Zariya, ka ga Musa Kano ya kai nawa.

An kira salla ko? To mu tashi. Wanda ya ari birona tun farkon zama ya maido.