Katin zaɓena yana Manchesta, rumfata tana Tudun Wada

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, a bakin titi nake ina jiran motar zuwa aiki. Kun ga wannan? Bari in matso da shi kusa da kyamara, in rufe lambar da yatsa. Katin zaɓena ne. Jiya da dare ina binciken jakar da na taho da ita daga gida, sai ga shi ya faɗo daga cikin wasu takardu. A Tudun Wadan Zariya na yi rajista, rumfarmu tana harabar wata firamare, gindin darbejiya. Tun jiyan zuciyata ba ta bar wurin ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne, a nan Ingila na yi zaɓe. Dokarsu ta ba 'yan ƙasashe renon Ingila da ke zaune bisa ƙa'ida damar jefa ƙuri'a. Ranar Alhamis 4 ga Yulin 2024 na shiga ɗakin taron unguwarmu, na miƙa koren fasfona na Najeriya, wata dattijuwa ta duba sunana ta ba ni takarda. Fensir ne ɗaure da zare, shi ke nan kayan aikin. Aka rufe ƙarfe 10 na dare, kafin gari ya waye Rishi Sunak ya amince ya sha kaye. Ƙasar da nake baƙo ta tambaye ni ra'ayina, garin da aka binne cibiyata kuwa sai in na sayi tikitin jirgi na je na tsaya a layi da ƙafata.

Sashe na 77 da na 117 na kundin tsarin mulki sun ɗaure rajista da zama a cikin Najeriya, dokar zaɓe kuma ta ce a rumfar da ka yi rajista za ka dangwala. A watan Maris na 2022 an kai batun zaɓen mazauna waje gaban Majalisar Tarayya, aka yi watsi da shi. Alhali maƙwabtanmu Nijar, kafin juyin mulki, kujeru 5 suka ware wa 'yan ƙasarsu na waje, Senegal kuwa 15. Kuɗin da 'yan Najeriya ke aikowa gida yana kai wa wajen dala biliyan 20 a shekara. Kuɗin makarantar ƙanne ne, kuɗin magani ne, buhun masara ne. A 2024 an sake kawo ƙudirin a Majalisar Wakilai, kuma sunan Kakakin Majalisa Abbas Tajudeen, ɗan Zariya mai wakiltar mazaɓarmu, yana cikin masu ɗaukar nauyinsa. Don haka mu Zazzagawa mun san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa.

Na san amsar da ake ba mu. Kawuna da ke Ƙofar Doka ya faɗa mini ita a waya ba kwana-kwana: "Kai yaro, ƙuri'ar da muka gani da idonmu ma ya aka ƙare, balle wadda za a ɗauko daga bayan teku?" Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara girma, gaskiyarka." Don na tuna ranar 25 ga Fabrairun 2023, ranar zaɓen shugaban ƙasa.

Ranar ban runtsa ba, ina nan ina bin komai ta WhatsApp. Lokacin ƙarancin takardun naira ne, ko kuɗin Keke Napep babu a hannun mutane. Hajiyarmu ta idar da asuba, ta ɗauki kujerar tsuguno da gorar ruwa, ta taka da ƙafa. Da layi ya zo kanta na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS ta kasa karanta yatsanta, shekaru da wanki da lalle sun shafe zanen. Ɗan bautar ƙasar ya ce, "Mama, ɗan gyara mayafin," ya ɗauki fuskarta, na'ura ta karɓa. Ƙanena ya turo mini hoton babban yatsanta da tawada, tana ɗaga shi tana murmushi. Bayan magariba aka zazzage akwati, matasa suka haska da fitilun waya, ana ɗaga takarda ɗaya bayan ɗaya, jama'a na amsawa da ƙarfi, ɗaya, biyu, uku. Wakilan jam'iyyu suka sa hannu a takardar sakamakon rumfa, wato EC8A, kowa ya ɗauki hoto. A wannan matakin wallahi babu wanda zai cuce ka, ido ya yi yawa.

Daga nan ne hanya ta yi duhu. An yi alƙawarin sakamakon kowace rumfa zai hau IReV, shafin intanet na hukumar zaɓe, nan take. Na 'yan majalisa ya riƙa hawa, na shugaban ƙasa ya tsaya, INEC ta ce tangarɗar na'ura ce. Ranar 26 ga Oktoba Kotun Ƙoli ta ce rashin ɗorawar bai isa ya rushe zaɓe ba. Ba ina cewa wane ne ya ci, wane ne bai ci ba, ku fahimce ni. Ina cewa idan doka ba ta wajabta abu ƙarara ba, alƙawarin baki ba ya tsayawa a kotu. A zaɓen gwamnan Kaduna, tazarar Uba Sani da Isa Ashiru ba ta kai ƙuri'a dubu 11 ba. A irin wannan kunnen doki, rumfa kaɗan sun isa su juya komai, kuma wanda ya ga Zariya a watan Afrilun 2011 bayan zaɓen shugaban ƙasa, hayaƙi da dokar hana fita, ya san abin da zargi ke haifarwa.

A zaɓen 2023, mutum sama da miliyan 93 suka yi rajista, waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su kai miliyan 25 ba. Hajiya ta ce da ni, "Ɗan nan, in an sake kira zan sake fita, amma ƙawayena da yawa sun ce sun gaji." Shi ya sa buƙatata biyu ce a haɗe: hoton takardar da aka sa wa hannu a gindin darbejiya ya zama hujjar da kotu ba za ta tsallake ba, sannan a buɗe mana rumfa a ofishin jakadancinmu na Landan, a ƙirga a gabanmu da ƙarfi kamar yadda ake yi a Tudun Wada.

Ga motata can ta karyo kwana. Bari in mayar da katin aljihu. Mutanen Samaru, Sabon Gari, Gyallesu, ku rubuto mini yadda aka yi a rumfunanku. Sai na dawo daga aiki, in sha Allahu.