Amsoshin Tambayoyinku: Shayi ko Kafe?

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum jama'a masu saurare, barkanmu da war haka. Daga nan Tawa muke kawo muku shirin Amsoshin Tambayoyinku. Makon jiya mun ce ku aiko da tambayoyi a kan shayi da kafe, kun kuwa aiko har waya ta cika. Lokaci ƙanƙane ne, wanda bai ji tasa ba ya yi mana haƙuri. Likita yana tare da mu. Barka da zuwa, likita.

Likita: Barka kadai, malam. Ina gaida masu saurare.

Mai gabatarwa: Ta farko daga wani ɗalibi a Madawa. Yana tambaya ko ganyen shayin buta da na Lipton itace ɗaya ne. Ɗaya ne, ɗana. Koren, wato na buta, ana gasa shi ko a turara shi da zarar an tsinko, baƙin kuwa, wato na Lipton, ana barinsa ya sha iska har ya rine. Wanda muke dafawa a buta daga ƙasar Sin yake zuwa, juya kwalin ka karanta.

Wani kuma daga Abalak ya ce a faɗa wa mutanen birni ba su iya shayi ba, ruwan zafi suke sha. To wannan ba tambaya ba ce, tsokana ce! Amma ba mu musu, ku ne malamanmu. Ta Maroko ganyen nan ya ratso Sahara, Larabawa da Abzinawa suka iso da shi nan, tare da ƴar buta da ƙananan kofuna da zagaye uku. Kumfa dai mun koya, ku zo fada, wurin zaman shayinmu, ku gani.

Ga wani dattijo daga Ilela, ya ce ya daɗe yana ci-rani a Abijan. In ji shi kafe shi ne abin shan mai nema, shayi kuwa na wanda ba ya da wurin zuwa. Baba, Allah ya ja kwana, amma ka taɓo mutane da yawa. Tambayarsa ita ce, wanne ya fi ƙarfi? Likita, bismilla.

Likita: To, shi kafe asalinsa Habasha ne. Daga can ya haye Yaman, inda masu ibadar dare suka riƙa shansa don kada barci ya ɗauke su, kuma ta tashar jirgin ruwa ta Moka ya bazu duniya. Yau Brazil ce kan gaba wajen nomansa, sai Vietnam. Shi kuwa na gari da muke kaɗawa a ruwan zafi, Nescafé, a Suwizalan aka fito da shi a 1938. Kuma Kodebuwa da baba ya zauna suna noma irin da ake kira robusta, wanda ya fi ɗaci...

Mai gabatarwa: Likita, baba ƙarfi ya tambaya, ba tarihi ba.

Likita: Ina zuwa, malam. Abin da ke wartsake mutum a duka biyun sinadari ɗaya ne, kafeyin, shi ne kuma ke cikin goro. Babban kofi na kafen da aka dafa yana da wajen miligiram 95, na garin da ake kaɗawa wajen 60, baƙin shayi ƙasa da 50, koren shayi wajen 30. Amma wannan awon na shayin da ake jiƙawa ne minti uku a tsame. Namu ba haka ake yi ba. Mu cika ƙaramin kofi ake yi da ganye a juye a buta, a ɗora a gawayi ya yi ta tafasa har ruwan ya yi duhu. Na farkon nan ba wasa ba ne. Baligi mai lafiya kada ya wuce miligiram 400 a yini. Mutum ya sha kafe da safe wajen mai tebur, ya ci goro da hantsi, ya zauna buta biyu da dare, sai ya zo yana ce mini gabansa na faɗuwa.

Mai gabatarwa: Ka ji, baba. Kofi da kofi naka ya fi, amma ɗan fada da ke kwana kan buta yana iya wuce ka. Ni dai ra'ayina, kafe a tsaye ake shansa a wuce, shayi kuwa sai an zauna, kuma a zaman nan ake jin wanda ba shi da lafiya da wanda ya samu aiki. Ban ce a wuni a can ba.

Yanzu ga wadda nake so kowa ya kasa kunne, don saƙonni irinta sun zo daga Keita da Ƙonni da nan cikin gari. Wata baiwar Allah daga Buza ta rubuto cewa tana da juna biyu. Ta je awo, aka ce jininta ya yi ƙasa, aka ba ta ƙwayoyin ƙarin jini. Ta ce a gidansu ana sauke kwanon tuwo maigida zai ɗora buta, ita kuma da shayin take haɗiye maganin don yana tayar mata da zuciya. Ta koma awo, jinin bai ɗaga ba. Tana tambaya, wai gaskiya ne shayi yana shan jini?

Likita: Ba ya shan jinin da ke jikin mutum, ƴar'uwa. Abin da yake yi shi ne tare hanya. Jiki yana buƙatar sinadarin ƙarfe don ya ƙera jini, kuma yawancinmu daga gero da wake da ganye irin zogale muke samunsa, don nama ba kullum ba. To a cikin shayi akwai wani abu, tanin, shi ne ke sa ka ji baki ya ɗaure in ka kurɓi na farko. In ya haɗu da ƙarfen abinci a ciki sai ya riƙe shi, hanji ya kasa tsotsa, ya fita a banza. Ƙarfen nama bai cika damuwa da shi ba, na tsirrai da na ƙwayar magani su ne abin ya fi shafa. Kafe ma yana yi, amma shayi ya fi. Ban ga wannan baiwar Allah ba, ƙarancin jini kuma yana da dalilai da yawa, akwai zazzaɓin cizon sauro, akwai tsutsar ciki, akwai haihuwa kusa da kusa. Ta koma wurin awon ta gaya musu yadda take shan maganin.

Mai gabatarwa: To ta daina shayin ke nan?

Likita: Ba sai ta daina ba. Ta raba su. A ci abinci, a bari aƙalla awa guda ta wuce, sannan a sha shayi. Magani kuma da ruwa, in da hali a matsa lemun tsami ko a ci gwaba, don bitamin C yana taimakon ƙarfen ya shiga. Kuma mai ciki kada ta wuce miligiram 200 na kafeyin, rabin na sauran mutane. Ta bar wa maigida na farko.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita don wadda ke bakin murhu ba ta ji ba. Shayi ba ya zuƙe jini, hana ƙarfen abinci shiga yake yi. A ci tuwo, a jira awa ɗaya, sannan buta. Maganin ƙarin jini da ruwa, ba da shayi ba, ba da kafe ba. Awa ɗaya, jama'a. Ku kuma magidanta, da ku nake. Kai ka ci tsire a tasha ka dawo gida, ita wake da miyar kuka ta ci, sannan ka miƙa mata na farko kana ganin ka kyauta. Haka yaran da ake kira a ba su na uku wai ai ba ɗaci, sukari ne zalla. Yaro mai tasowa ya fi ka buƙatar jinin nan.

Likita: Tun da ka ambaci sukari, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa babba kada ya wuce wajen giram 50 a yini, ƙaramin cokali 12 ke nan, in ya tsaya a 6 ya fi. Ku lura da hannun mai haɗa shayi. Kowane zagaye sai ya cika kofi da sukari ya juye. Wajen mai tebur kuma ga sukari ga madarar gwangwani mai zaƙi. Masu ciwon sukari da ke ce mini sun bar lemun kwalba, tambayar da nake fara yi musu ita ce buta nawa a rana.

Mai gabatarwa: Allah ya kyauta. Da sauri-sauri. Wani mai gadi a nan Tawa ya ce in ya sauka aiki da asuba barci ba ya zuwa. Malam, kafeyin yana kai wajen awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, ka sauke butar tun tsakar dare.

Wata daga Galmi ta ce kakarta ba ta shan shayi sai yana ƙona harshe. A lallashe ta ta bari ya huce kaɗan. A 2016 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta ce abin sha da zafinsa ya haura digiri 65 yana iya cutar da maƙogwaro, shayi ne ko kafe.

Wani ɗan kabu-kabu yana tambaya a kan abokansa masu jefa tramol a cikin kafe wai don su jure rana. Likita, daƙiƙa goma.

Likita: Maganin ciwo ne mai kama jiki, yana sa farfaɗiya, mutum ya faɗi yana bisa babur da fasinja. Wanda ya saba ya zo likita a taimaka masa ya rage a hankali, kada ya ji kunya.

Mai gabatarwa: Ka ji, ka isar musu. Mai tambaya a kan na'ana'a da citta da kanumfari, da mai son sanin ko shayi yana sa hawan jini, mun riƙe naku sai mako mai zuwa, don ga mai labarai ya tsaya a ƙofa yana nuna mini agogo. Likita, mun gode. Jama'a, a huta lafiya.