Yaranmu da Hausa: jawabin da na yi a taron ƙungiya a Makka

Assalamu alaikum warahmatullah. Mai girma shugaba, malamanmu, iyayenmu mata da ke can ɓangarensu, barkanmu da war haka. An ce in ɗan yi magana kan yadda yaro ke koyon harshe, toh zan gaggauta don na ga an fara zuba shayi.

Daga Shara Mansur har Hindawiyya kowa ya san gidan da uwa za ta yi wa yaro Hausa shi kuma ya mayar mata da Larabci, a hankali ita ma sai ta haƙura ta koma Larabcin, in ka tambaya a ce maka ai gudun kar a ruɗa shi a madarasa ne. Wallahi 'yan'uwa tsoron nan ba shi da tushe. Yaro ya gauraya harshe biyu a magana ɗaya ba ruɗewa ba ce, mu manyan ma haka muke yi kullum a kasuwa kuma ba wanda ya ce mun ruɗe.

Kuma abin da wuri yake farawa fa. A 1984 wasu masana a Kanada, Janet Werker da Richard Tees, sun gwada jariran da Turanci kawai suke ji a gida da wasu sautuka na harshen Hindi. 'Yan wata 6 zuwa 8 suna bambance su, amma 'yan wata 10 zuwa 12 yawancinsu sun daina, kunne ya riga ya karkata ga abin da ya saba ji. Toh ɓ da ɗ da ƙ ɗinmu babu su a Larabci, in ba a bakin uwa ba ina jariri zai ji su?

Sai masu kawo yara daga gida da wayonsu. Yaro ya yi shekara biyu yana zuba Larabci a wajen ƙwallo kamar nan aka haife shi, sakamakon jarrabawa ya fito ba kyau, uba ya ɗau bulala wai wasa ya yi yawa. Haba Alhaji. Wani masanin koyon harshe, Jim Cummins, ya daɗe da nuna cewa harshen hira daban, na littafi daban, na hira kan zauna cikin kamar shekara 2, na karatu kuwa 5 zuwa 7 yake ci. Kuma ya ce abin da yaro ya fahimta da harshensa na farko, lissafi ne ko iya tsara labari, ba ya ɓacewa, da shi yake shiga sabon harshen.

Batun mantuwa kuma malaman allo sun san shi a aikace, shi ya sa ba a wanke allo sai an haddace, gobe da asuba a sake tilawa. Wani Bajamushe, Ebbinghaus, ya auna abin a kansa a 1885, ya ga mafi yawan mantuwa a sa'o'in farko take, maimaici da tazara ne ke riƙe karatu. Saboda haka hutun wata ɗaya a Kano bayan shekaru ba zai wadatar ba, kullum kaɗan-kaɗan ne, a wajen cin abinci, a wajen aike. In yaro ya kwafsa kar a sa masa dariya don daga ranar zai kulle bakinsa, ki dai maimaita masa daidai ki wuce.

Shawarata mu ware yammacin Juma'a bayan la'asar, kakanni su riƙa yi wa yara tatsuniya da kacici-kacici. Wanda falonsa zai ɗauki yara ya ga sakatare kafin a tashi. Na gode, wassalamu alaikum.